Daƙiƙa Tara

La'asar ta karkata bayan tashar Tawa,
ina kan shayi na biyu, ba ciniki,
sai ga Kuluwa, sanda a dama,
jikanta Sahabi a hagu,
kile ƙulle a bakin zanenta
inda ake ƙulle kuɗin cefane.

Ta ce, "Arzika, daga Abijan aka aiko.
Alkasum na ciki. Hiddo min shi."

Shekara biyu ke nan da aka yi masa salla a can.
Abokin ɗakinsa ne ya tsinci saƙon
a tsohuwar waya mai fasasshen gilashi.

Na soka kile, na danna sau biyu.
Murya ta fito tas, kamar yana bayan ƙyaure:
"Inna, kin kwana lahiya? Ya ruwa?"
Allon kuwa baƙi ƙirin,
gindin tukunya ya fi shi haske.

Na rufe, na buɗe. Haka.
Na kashe kwamfutar, na tayar. Haka.
Na kai shi wata manhaja,
ta dube shi sama da ƙasa
ta ce ba ta san irinsa ba.

Na ce, "Inna, hoton wani yare yake yi,
na'urata ba ta jin sa."
Ta ce, "To, ba a nemo tafinta?"

Tafinta na intanet, rezo kuwa
yana ɗiga kamar famfon Bilbis da bazara.
Kashi ashirin. Talatin da ɗaya.
Yaron yana ƙirga tare da ni.
A saba'in da takwas kuran ya ɗauke,
fanka ta yi juyi uku ta yi shiru.

Na tsallaka wajen Ma'azu mai walda,
na roƙi bakin waya daga injinsa.
Muka koma kashi ɗaya.

Da tafinta ya iso, allon ya motsa:
kore, kore, dabbare-dabbare,
mutum yankakke gida-gida kamar dara,
baki na nan, magana ta yi gaba,
hannu ya ɗaga ya daskare a sama.
Na sauke wa katin hoto kayan da ya fi ƙarfinsa,
na kwafe fayil ɗin zuwa cikin na'ura,
na sa ta ɗinke abin da zai ɗinku.

A nan na gane ciwon.
Wanda ya kwafa ya yi gaggawa,
ya zare kile aiki bai ƙare ba.
Minti uku na murya sun tsira,
hoto kuwa daƙiƙa tara,
sauran ya bi ruwa.

Na rasa bakin faɗa, sai na danna.

Ga Alkasum, riga shuɗiya, gumi a goshi,
bayansa buhunan albasa jibge,
yana gyara wayar, yana dariya,
yana cewa wani, "Dakata mana."
Sai duhu ya dawo, murya ta ci gaba ita kaɗai.

Kuluwa ba ta ko juya ga allon ba.
Sai lokacin na lura da yanar idonta,
fara fat, duka biyun.
Ta laluba kan yaron, ta ce,
"Kai na kawo. Mi ka gani? Ya rame?"

Sahabi ya matsa har numfashinsa ya taɓa gilashi.
Ya ce, "A mayar."
Na mayar.
"A sake."
A na huɗu ya sa yatsa a haƙoransa:
"Yana da wushirya irin tawa."

Ta kwance bakin zane. Na ce dala arba'in,
na man Ma'azu ne, ba nawa ba.
Na yi kwafi biyu, ɗaya a wayar maƙwabciyarta,
ɗaya a nan, cikin jakar da na sa wa sunansa.

Na'ura ta ce an gama, a cire.
Na bar hannuna a kan kile ɗin
har aka kira magariba.